Bege

bege (sn., nj.) Ƙunar zuci da marmarin ganin masoyin da ya yi nisa ko aka rabu da shi. Misali: Bege ya hana ta barci. Shi ne ginshiƙin waƙoƙin soyayya na zamani, irin na Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, inda masoyi kan ƙaurace wa abinci, ya tasa hoton masoyiya a gaba yana hawaye. Wasu na cewa kwaikwayon finafinan Indiya ne kawai. Kiɗan kam ya yi aro, amma jigon namu ne tun fil azal: kafin Kannywood, sha'irai sun daɗe suna begen Annabi (SAW) da ƙishirwar ganin Madina, mata kuma suna amayar da damuwarsu a waƙoƙin daka da niƙa. Dubi: kewa, shauƙi.