Lambun Tsirrai na Durban: Daga Filin Gwajin Amfanin Gona zuwa Wurin Shaƙatawar Jama'a

Duk wanda ya ziyarci birnin Durban da ke gaɓar Tekun Indiya a Afirka ta Kudu, zai iya shiga lambun nazarin tsirrai na birnin ba tare da ya biya ko sisi ba. Fili ne mai faɗin kimanin hekta 15 a gindin tudun Berea, kuma ya fi duk lambunan da suka saura irinsa a nahiyar Afirka daɗewa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa buɗe ƙofar lambun ga kowa sabon al'amari ne a tarihinsa, domin an kafa shi ne a kan lissafin riba, kuma itatuwan da mai ziyara yake hutawa a inuwarsu shaidu ne na wannan lissafi.

Birtaniya ta mayar da yankin Natal ƙarƙashin mulkinta a 1843. Turawan da suka kwararo ba su san abin da ƙasar za ta karɓa ba: wuri ne mai ɗumi da laima, ruwansa na sauka a lokacin zafi, sanyinsa kuma ba ya kashe shuka. A 1849 ƙungiyar manoma da masu lambu ta Natal ta keɓe fili kusa da kogin Umgeni domin gwaji, sannan a 1851 aka dawo da lambun inda yake a yau. Mark McKen, wanda ya taɓa aikin lambu a Jamaika, yana cikin masu kula da shi na farko. Aikinsu shi ne karɓo iri daga wasu yankunan daular, galibi ta hannun lambun Kew da ke Landan, su gwada, su raba wa manoma abin da ya yi kyau. An gwada kofi da shayi da sauransu, amma rake ne ya ci gasar.

Nasarar rake ta jawo buƙatar hannaye. A watan Nuwamba na 1860 jirgin ruwa na farko ya sauke leburorin yarjejeniya daga Indiya, kuma kafin a rufe wannan tsari a 1911 an kawo mutum kimanin 152,000. Ba lambun ne ya shirya jigilarsu ba, amma yana daga cikin abubuwan da suka sa jigilar ta zama mai riba. John Medley Wood, wanda ya riƙe lambun daga 1882 zuwa 1913, shi ake dangantawa da yaɗa wani nau'in rake mai juriya da ake kira Uba (sunan ba shi da wata alaƙa da kalmar Hausa), wanda ya mamaye gonakin Natal na tsawon shekaru masu yawa.

Sai dai Wood ya wuce ma'aikacin masu gonakin rake. Ya kafa ma'ajiyar busassun tsirrai ta Natal, ya kuma wallafa littafi mai juzu'i shida a kan tsirran yankin. Abin da ya fi ɗaukaka sunansa ya faru ne a 1895 a dajin Ngoye na ƙasar Zulu, shekara 16 bayan yaƙin da ya karya daular Zulu. A can, a kan wata gangara, ya ci karo da wani kurmi guda na itacen da masana suke kira saikad. Ga ido ya yi kama da dabino, amma danginsa sun riga dabino zuwa duniya da miliyoyin shekaru. A wani fanni guda sun yi tarayya: akwai namiji, akwai mace, kuma sai sun haɗu ake samun iri. Abin da Wood ya gani namiji ne, mai kututture huɗu daga tushe ɗaya. Har yau ba a ga macen ba.

Daga nan aka shiga ɗiba. An aika da toho guda zuwa Kew a 1899. Mataimakin Wood, James Wylie, ya koma dajin a 1903 ya ciro tohon gindi, ya sake komawa a 1907 ya tono manyan kututture biyu, waɗanda suke tsaye a lambun Durban har yanzu. A 1908 aka raɗa wa itacen sunan Encephalartos woodii domin girmama Wood. Kututturen ƙarshe an kai shi Pretoria a 1916, inda ya mutu daga baya. Ke nan cikin shekara 21 da gano shi, itacen ya ƙare a daji. Duk wanda ake gani a lambunan duniya a yau yanki ne na wancan namiji guda, ana ta ɓallo shi daga gindi kamar yadda ake ɓallo 'ya'yan ayaba.

A nan ra'ayi yake rabuwa. Masu kare aikin suna cewa kututturen sun riga sun fara lalacewa a inda suke, kuma da ba a ɗauke su ba da nau'in ya ɓace gaba ɗaya. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da ita don kawai ta fito daga bakin masu mulkin mallaka. Amma ba ta share gaskiyar cewa an kwashe abu ne daga ƙasar da aka ci da yaƙi, aka sa masa sunan baƙo, aka rarraba shi ga manyan lambuna da masu tara tsirrai. A ganin mai wannan nazari, ceto da ƙwace sun haɗu a aiki guda, kuma allon bayani da ya ambaci ɗaya ya bar ɗaya ya tauye tarihi.

A 1913 lambun ya koma hannun hukumar birnin Durban, ya fara rikiɗa daga filin gwaji zuwa wurin shaƙatawa. A wannan shekarar ce aka zartar da dokar filaye da ta taƙaita baƙaƙen fata ga kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar. Dokar raba unguwanni ta 1950 ta mayar da Berea unguwar Turawa, dokar 1953 kuma ta halatta raba wuraren jama'a bisa launin fata, ba a soke ta ba sai a 1990. Saboda haka kalmar "jama'a" ba ta ɗauki ma'ana ɗaya ba a tsawon wannan zamani. Dab da shingen lambun akwai filin wasa na Curries Fountain, inda waɗanda dokokin suka ware suka yi ta ƙwallo da tarukan adawa da wariyar launin fata.

Yanzu hukumar eThekwini ce take gudanar da lambun. 'Yan makaranta suna zuwa darasi, amare da angwaye suna zuwa ɗaukar hoto a bakin tafki, jikokin leburorin rake da jikokin mutanen ƙasar Zulu suna shimfiɗa tabarma a ciyawa ɗaya. Masana kuwa suna ci gaba da leƙa dajin Ngoye neman macen, wasu kuma suna haɗa namijin da danginsa na kusa, Encephalartos natalensis, suna maimaita haɗin zuriya bayan zuriya da fatan samun mace da ta kusanci asali.