Amiga: na'urar da ta rayu bayan mutuwar maƙeranta

A shekarar 1985 kamfanin Commodore ya fito da kwamfuta mai suna Amiga. Ƙwaƙwalwarta, wato ɗan guntun da ke yi mata lissafi, ita ce Motorola 68000, mai gudun kimanin megahaz 7. Da Amiga 2000 ta fito a 1987, sai aka bar mata gurbi a ciki inda za a soka wani kati mai ɗauke da ƙwaƙwalwa sabuwa, wadda ke karɓe aiki daga hannun tsohuwar. Ita ma Amiga 1200 ta 1992 an yi mata ƴar ƙofa a ƙarƙashi domin irin wannan ƙari.

Amfanin wannan gurbi ya bayyana sosai a watan Afrilun 1994, lokacin da Commodore ya karye. Escom na Jamus, wanda ya saye gadonsa a 1995, shi ma ya durƙushe a 1996. Masu Amiga suka zama marayu, kuma da yawansu suka ƙi rabuwa da ita. Ƙananan kamfanoni ne suka share musu hawaye, musamman Phase5 na Jamus, mai katin Blizzard 1260 da ke ɗauke da 68060 mai megahaz 50. Wannan kamfani ya kawo katunan PowerPC a 1997, kafin ya rushe a 2000.

Sauya ƙwaƙwalwa bisa tsohon kati aiki ne mai buƙatar ilimi. 68040 na cin wuta bolt 5, ita kuwa 68060 bolt 3.3 take so. Wanda ya musanya su bai daidaita wutar ba, ya ƙona dukiyarsa. Haka kuma Motorola ya cire wa 68060 wasu umarnai, sai an cike giɓin da manhaja. Da guntayen suka yi ƙaranci, ƴan damfara suka shiga kankare lambar masu araha suna buga ta masu tsada.

Wannan ƙaranci ya sa aka nemi wata dabara. A farkon shekarun 2020 PiStorm ya bayyana, inda ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ke kwaikwayon ƙwaƙwalwar Motorola. Ta haka na'urar da aka ƙera a 1987 take ci gaba da aiki, domin maƙeranta sun bar wa na baya wurin da za su sa hannu.