Binciken Duwatsun Ƙasar Yawuri Kafin Cikar Tafkin Kainji

Masu rubuta tarihin Yawuri sun fi dogara ga jerin sarakuna da labaran Gungawa, alhali kuwa akwai wata shaidar da ba safai ake waiwayarta ba, wato samfurorin duwatsu da bayanan haƙa.

Tun a 1911 J. D. Falconer ya wallafa littafinsa kan duwatsun Arewacin Nijeriya, sannan a 1919 aka kafa Ma'aikatar Binciken Ma'adinai, wadda daga baya ta zauna a Kaduna. Abin da ya fara jawo hankali ga wannan yanki shi ne zinariyar da ke cikin jijiyoyin dutsen ƙanƙara a wajajen Birnin Yawuri.

Amma babban aikin ya zo ne da madatsar Kainji. Kafin a soma gini a 1964, sai da injiniyoyin NEDECO na Holan da na Balfour Beatty na Ingila suka auna kogin da dutsen da zai ɗauki ginin. A irin wannan aiki, akan huda dutse a zaro shi kamar taɓarya, a jera cikin akwatuna, a rubuta wuri da zurfi. In takardar nan ta ɓata, to, abin da ya saura tsakuwa ce kawai.

Da ruwa ya taru a 1968, ya shanye tsibirai da fadamu na Yawuri da Ngaski, aka tashi mutane kimanin 44,000. Dutsen da mai bincike kan taka da ƙafarsa a da, yanzu masunta ke jefa taru a kansa. Ke nan duk samfurin da aka ɗebo kafin wannan shekara ba shi da madadi.