Gashi ya zube wuri guda, fata sumul: abin da ya kamata mu sani game da cutar pelade



Yau a filin kiwon lafiya za mu yi bayani kan wata lalura da ke tayar da hankalin gida guda. Mutum ya kwana lafiya, sai wanzami ko mai kitso ta gano wani fili a kansa, zagaye kamar tsabar dala ashirin, babu gashi ko ƙwaya ɗaya. Ba ciwo, ba ƙurji, ba ƙaiƙayi. Daga nan magana ta fara yawo: wani ya ce aljanu ne suka yi masa aski, wani ya ce sammu ne, wata ta ce kora ce, a raba shi da yara. Mu kuwa abin da muke so kowa ya riƙe shi ne: wannan cuta ba a ɗaukarta, kuma saiwar gashin tana nan da ranta. Abin da ke kashe saiwar sau da yawa shi ne maganin gaggawa da ake yi wa wurin.

Sunanta

A takardar likita ta nan Nijar za ku ga an rubuta pelade, da Faransanci. Ƴan uwa da ke Najeriya kuma za su ji ana cewa alofeshiya ariyata. Kalmar alofeshiya ta fito ne daga sunan yanyawa a harshen Girka, saboda yadda gashin wannan dabba ke zubewa wuri-wuri idan ta kamu da ƙazwa. Ba sabuwar cuta ba ce. Wani marubucin Rum mai suna Selsus ya siffanta ta kusan shekara 2000 da suka wuce.

Me ke faruwa a cikin fata?

Allah ya yi wa jikinmu garkuwa, wato sojojin da ke cikin jini masu yaƙar ƙwayoyin cuta. A wannan lalura sojojin ne ke yin kuskure, su kewaye saiwar gashin da ke cikin girma kamar baƙuwa ce. Saiwar sai ta dakatar da aiki, gashin ya raunana ya faɗi. Amma ba ta mutuwa. Ku ɗauke ta kamar ciyawar daji da rani: sama ƙayau, ƙasa kuwa da rai, ana jiran ruwa. Shi ya sa gashi kan iya dawowa ko bayan shekaru.

Masana sun ƙiyasta cewa kimanin mutum 2 cikin 100 za su gamu da ita a wani lokaci na rayuwarsu. Tana kama maza da mata, baƙi da fari, kuma ta fi farawa a ƙuruciya ko samartaka. Akwai gado a ciki: kusan mutum 1 cikin 5 masu ita suna da wani ɗan uwa da ya taɓa yi. Wasu kan lura ta fito bayan rashin lafiya, rasuwa ko wani tashin hankali, amma da yawa ba wani abin da ya gabace ta. Ba ƙazanta ke kawo ta ba, ba hula ko ɗankwali ba, ba kuma abincin da aka ci ba. Takan zo tare da wasu lalurori na garkuwar jiki, irin su ciwon halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, da cutar da ke sa fata ta yi fari wuri-wuri, da asma.

Yadda ake gane ta

Filin yakan zama zagaye ko kamar ƙwai, fatar wurin sumul, launinta bai sauya ba. A bakin filin akan ga guntayen gashi masu kauri a sama, sirara a gindi, da an taɓa su sai su fita. Ba a kai kaɗai take tsayawa ba. Tana fitowa a gemu, a gira, har gashin ido. Wasu kuma farcensu kan yi ƴan ramuka kamar an soka da allura.

Tana da matakai. Mafi yawa fili ɗaya ne ko biyu zuwa uku. Akwai wadda ke bin ƙeya da bayan kunnuwa kamar an naɗa rawani, ita ta fi taurin kai. Akwai wadda ke kwashe gashin kai duka, akwai kuma mai kwashe na jiki gaba ɗaya. Waɗannan biyun na ƙarshe ba su da yawa.

Kada a haɗa ta da kora

Nan ne aka fi yin kuskure, domin a yankinmu yaron da gashinsa ya zube wuri-wuri, mafi yawan lokaci kora ce, wadda likitoci ke rubutawa teigne. Kora ƙwayar cuta ce dangin naman gwari. Wurin yakan yi fari-fari da gari kamar an barbaɗa toka, da ƙaiƙayi, gashin a kakkarye, wani lokaci har da ƙuraje, mugunya da kaluluwa a wuya. Ita kam ana ɗauka: ta aska, ta injin aski, ta mataji, ta hula da matashin kai, har daga dabbobin gida. Maganinta na sha ne, irin su girizofulbin, na tsawon mako 6 zuwa 8. Man shafawa kaɗai ba ya kai wa saiwa.

Bambancin yana da muhimmanci saboda maganin ɗaya guba ne ga ɗayar. Man kotizon da ake ba mai pelade, idan aka shafa shi a kan kora, sai ta ƙara yaɗuwa. Maganin kora kuma ba abin da zai yi wa pelade sai asarar kuɗi.

Akwai sauran abubuwan da ke zubar da gashi. Kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi suna cinye gashin gaban goshi da gefen kunne, kuma idan aka daɗe ana yi ba ya dawowa. Mai jego, ko wanda ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani, gashinsa kan zube ko'ina bayan wata 2 zuwa 3, sannan ya dawo da kansa. Yaro mai tamowa gashinsa kan yi ja ya yi laushi. Sanƙo na maza gado ne, a hankali yake tafiya. Tunjere kan sa gashi ya yi kamar gara ta ci shi. Zubewar gira tare da tabon da ba ya jin taɓi kuwa na iya zama kuturta, wadda maganinta kyauta ne. Wannan jerin kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ido ba mudu ba ne, sai an je an duba.

Gashin zai dawo?

Ga wanda filinsa kaɗan ne, labari mai daɗi ne: da yawa gashinsu kan tsiro cikin shekara guda ko ba a yi magani ba. Yakan fara fitowa siriri, fari kamar furfura, daga baya ya yi baƙi. Kada a tsorata da farin, alamar sauƙi ce. A tuna kuma gashi ba ya wuce kusan santimita 1 a wata, don haka sai an yi haƙuri.

Amma gaskiya ɗaya ce, cutar tana iya tafiya ta dawo. Wanda ta fara masa tun yana ƙarami, ko ta cinye wuri mai faɗi, ko ta bi ƙeya, ko ta taɓa farce, ko ta haura shekara, nasa ya fi wuyar dawowa. Kuma a nan ne masu tallar magani a kasuwa ke cin riba: tunda gashin kan fito da kansa, duk abin da aka shafa a ƙarshe shi ke karɓar yabo.

Magani

Har yau babu maganin da ke raba mutum da ita har abada, amma akwai masu taimaka wa gashi ya dawo. Likita kan ba da man kotizon mai ƙarfi na wani ƙayyadadden lokaci, musamman ga yara. Ga manya, likitan fata kan yi ƴan allurai a cikin filin kansa duk mako 4 zuwa 6. Akan haɗa da ruwan shafawa mai suna minoksidil. Idan filin ƙarami ne, likita na iya cewa a jira kawai, kuma wannan ba sakaci ba ne.

Ga masu tsanani, an samu sababbin ƙwayoyi. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Olumiant a watan Yuni 2022, sannan Litfulo a Yuni 2023 ga masu shekara 12 zuwa sama. Suna da tsada ƙwarai, suna rage ƙarfin garkuwar jiki ta yadda tarin fuka da ke kwance zai iya tashi, ana buƙatar gwajin jini a kai a kai, kuma idan an daina sha gashin kan sake zubewa. Ba maganin da za a aiko cikin jaka a sha a gida ba ne.

Abin da za a guje wa

Kada a goga tafarnuwa ko kanwa har fata ta saluɓe. Kada a ɗiga nonon tumfafiya, wanda ke ƙona fata, kuma idan ya shiga ido yana iya lalata gani. Kada a zuba ruwan batir, kada wanzami ya yi tsaga, kada a ɗora ƙarfe mai zafi. Duk inda tabo ya zauna, saiwa ta mutu, kuma gashi ba ya sake tsirowa da kansa a kan tabo. Haka nan a bar man bilicin da ƙwayoyin sa ƙiba na masu talla. Da yawansu kotizon ne a ciki, kuma shan sa barkatai na jawo hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi. Addu'a da tofi ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su.

Ina za a je?

A fara da CSI mafi kusa. A faɗa wa majo yaushe abin ya fara, ko akwai wani mai irinsa a gida, da duk abin da aka riga aka shafa, kada a ɓoye. Idan da buƙata zai tura asibitin gundumar Gure ko babban asibitin ƙasa na Damagaram. A gaggauta zuwa idan filin na faɗaɗa da sauri, ko akwai mugunya da kumburi, ko gira ta fara zubewa, ko yara fiye da ɗaya a gida sun kamu.

Ku kuma ƴan uwa na waje, idan an turo muku hoto ta WhatsApp, kada ku ruga kanti ku sayo mai. Hoto ba ya bambanta kora da pelade. Kuɗin motar zuwa asibiti da na takardar magani sun fi kwalin da za ku aiko amfani.

Zama da mai ita

Ciwon wannan lalura ba a fata yake ba, a zuci yake. Yaro kan ƙi zuwa lekwal ko makarantar allo saboda tsokana. Budurwa kan daina zuwa kitso da biki, har a fara raɗe-raɗin fasa aurenta. Alhali lafiyarta ƙalau: cutar ba ta hana haihuwa, ba ta taɓa hankali, ba ta rage kwana. Ana cin abinci kwano ɗaya da mai ita, ana kwana ɗaki ɗaya. Pierluigi Collina na Italiya, alƙalin wasan da ya busa wasan ƙarshe na kofin duniya na 2002 tsakanin Barazil da Jamus, ita ce ta kwashe masa gashi duka. A Janairu 2020 ƴar majalisar Amurka Ayanna Pressley, wadda aka sani da kitsonta, ta fito da kanta ba gashi ta bayyana wa duniya cewa tana da ita, ta kuma ci gaba da aikinta.

Iyaye, ku je ku yi wa malam bayani, a bar yaro ya sa hula a aji. Hula da ɗankwali suna kare fatar daga zafin rana, wanda ba shi da gashin ido kuma tabarau zai tsare masa ƙurar hunturu. Wanzamai da masu kitso, ku ne kuke fara gani. Ku faɗa wa mai shi a asirce, ku ce masa ya je CSI, kada ya zama labarin majalisa.

Mai tambaya ya aiko mana ta gidan rediyo, za mu miƙa ta ga ma'aikatan lafiya a shiri na gaba ba tare da ambaton suna ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.