Rage iskar da ke ɗumama duniya: rabonmu yana gona da murhu

Idan masana suka ce “iskar da ke ɗumama duniya”, suna nufin wasu iskoki da ke taruwa a sama su riƙe zafin rana, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Babbarsu ita ce kabon dayoksaid, mai fita in an ƙona fetur, gazuwal, gawayi ko icce. Sai mitan, mai fita daga cikin bisashe da juji mai ruɓewa.

Gaskiya ne, ba mu muka cika sama da hayaƙi ba. Afirka gaba ɗaya kusan kashi 4 cikin 100 kawai take fitarwa na kabon ɗin duniya. Amma zafin da fari da ambaliya mu suke samu. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar Paris ta 2015, kuma a nan ƙasar mafi yawan iskar daga noma, kiwo da saran itatuwa take fitowa. To, kun ga maganin ma can yake.

Sassaben zamani

Icce mai rai yana shan kabon ya ajiye a jikinsa da saiwarsa. In an sare shi aka ƙona, sai ya mayar sama. Shi ya sa sassaben zamani ya zamo babban makaminmu. A jihar Maraɗi aka soma yaɗa shi wajen 1983, tare da Tony Rinaudo, wani malamin gona ɗan Ostireliya. Yau ana ƙiyasin ya farfaɗo da gonaki kusan hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram.

Yadda ake yi ba wuya. Lokacin sharar gona, kar a tumɓuke kututturen kalgo, sabara, magarya ko gawo. A duba tohon da ya fito, a bar uku zuwa biyar mafi ƙarfi, a datse sauran, a rage rassan ƙasa, a kare su daga awaki. Ba sayen iri, ba ban ruwa, don saiwar ta daɗe a ƙasa. Rassan da aka datse su ne iccen girki. Gawo kuwa ganyensa da damina yake zubarwa, bai hana hatsi rana, ga taki a gindinsa, ga ƴaƴansa abincin dabbobi da rani.

A gonakin da suka zamo faƙo, kamar na yankin Tawa, tassa da rabin wata suna tare ruwa, har ƙasa ta sake fitar da tsiro.

Murhu da wuta

Murhun duwatsu uku zafinsa da yawa iska ke ɗauka. Murhun zamani, na laka ko na ƙarfe, yana rage cin icce, ya rage hayaƙin da ke shiga idon mata da ƙirjin yara. A birni, gaz ɗin girki, wanda matatar Damagaram ke fitarwa tun buɗe ta a 2011, shi ma yana fitar da kabon, amma yana hutar da daji.

Ƙona karan hatsi a gona asara ce biyu: taki ya tafi, hayaƙi ya hau. A bar shi ya rufe ƙasa. Wutar daji kuma, a share hanyoyi masu faɗi da za su tare ta bayan damina.

Hasken rana

Rana dai Allah ya hore mana ita. Tashar Malbaza ta soma aiki a 2018 da megawat 7, ta Gorou Banda kusa da Yamai aka ƙaddamar a 2023 da megawat 30. Mai lambu da ya sa famfo mai aiki da rana ya huta da kuɗin fetur.

Ranar 3 ga Agusta muna dashen itatuwa, madalla. Amma iccen da ya fi saurin tashi shi ne wanda saiwarsa ke gonarka tun tuni. Bana, kafin ka ɗaga gatari, duba kututturen da kyau.