Yadda Gayyar Kwamfutoci Ta Shigo Aji

Wata 'yar kunya da na sha bara ita ta jefa ni cikin wannan tarihi. An ba mu wani aikin lissafi, na rubuta shirina, ƙwaƙwalwa ɗaya ta kwamfuta ta gama shi cikin minti 8. Sai na raba aikin ga ƙwaƙwale huɗu, ina zaton minti 2 ya ishe su. Ina! Sai da suka ci minti 11. Malaminmu ya yi murmushi ya ce, "Ka kira gayya, ka bar su suna gardama kan fartanya ɗaya." Daga nan na tashi neman sanin yadda aka fara koyar da wannan fanni a jami'o'i, watau sarrafa manyan kwamfutoci masu tsananin sauri.

Da fari dai waɗannan injuna ba na ɗalibai ba ne. Wani Ba'amurke, Seymour Cray, shi ya tsara CDC 6600 a 1964, sa'an nan Cray-1, wadda aka girka ta farko a Los Alamos a 1976, kuɗinta kuwa ya haura dala miliyan 8. Masu binciken nukiliya da masu hasashen yanayi da kamfanonin mai su ke da su, galibin jami'o'i sai hange daga nesa. Abin har ya kai wani masanin taurari na Jami'ar Illinois, Larry Smarr, sai ya ƙetara Jamus kafin ya sami Cray da zai yi aiki da ita, alhali a ƙasarsu aka ƙera ta. A 1982 wani kwamiti ƙarƙashin Peter Lax ya koka da wannan ƙamfa, a 1985 kuma gwamnatin Amurka ta kafa cibiyoyi a Illinois da San Diego da Cornell da Princeton, ta Pittsburgh ta biyo baya a 1986. Aka haɗa su da waya domin na nesa su amfana, wannan haɗi kuwa yana daga cikin tushen intanet. A wannan zamani ne, a 1989, Philip Emeagwali, ɗan Nijeriya mai karatu a Jami'ar Michigan, ya ci kyautar Gordon Bell da lissafin rijiyoyin mai.

Amma duk da haka ɗalibi bai wuce baƙo ba. A ganina babban juyin a 1994 ya zo, sa'ad da Thomas Sterling da Donald Becker na hukumar NASA suka haɗa ƙananan kwamfutoci 16 irin na kasuwa, suka ɗora musu Linux, suka sa musu suna Beowulf. A shekarar ce kuma aka fitar da MPI, ƙa'idar da kwamfutoci ke bi su aika wa juna saƙo. To, ka ga ke nan kowane sashe na jami'a na iya tara tsofaffin injunansa ya bar ɗalibai su haɗa, su ɓata, su gyara. A 2001 Jami'ar Edinburgh ta buɗe digiri na biyu takanas a kan fannin.

Mene ne ainihin abin da ake koyarwa? Rabon aiki ne. Tun 1967 Gene Amdahl ya nuna cewa saurin gayya yana da iyaka. A ce kashi ɗaya bisa goma na aiki ba ya rabuwa, dole ƙwaƙwalwa ɗaya ta yi shi ita kaɗai, to ko ƙwaƙwale dubu nawa aka tara, saurin ba zai wuce ninki goma ba. Noman gona yana rabuwa kunya-kunya, amma in rijiya ake haƙa, mutum ɗari ba sa shiga rami ɗaya. Sa'an nan ga wahalar aike, domin jiran saƙo daga wata kwamfuta ya fi yin lissafi cin lokaci nesa ba kusa ba. Nan ne na faɗi, ƙwaƙwalena huɗu sun ƙare lokacinsu wajen jiran juna. Na san wannan doka a takarda tun kafin ranar, har na ci ta a jarrabawa, amma ba ta zauna mini ba sai da inji ya kunyata ni.

Wajen 2005 masu ƙera kwamfuta suka kasa ƙara wa ƙwaƙwalwa ɗaya sauri saboda zafi, sai suka koma jera da yawa a inji guda, har wayar hannu. Saboda haka manhajar da ƙungiyoyin ACM da IEEE suka fitar a 2013 ta sa wannan ilmi cikin abin da ya wajaba ga mai digirin farko.

Abin da ya fi burge ni shi ne gasar da aka fara a Reno ta Amurka a 2007. Ɗalibai shida-shida ke haɗa injinsu da hannunsu, a ƙayyade musu wutar da za su sha, wadda da farko kimanin wat 3,000 ce, su yi kwana biyu suna gudanar da ayyukan kimiyya na gaske ba dare ba rana. Jamus ma ta fara irin tata. Afirka ta Kudu, wadda ta buɗe cibiyarta a Cape Town a 2007, ta ɗauki horar da ɗalibai da gaske, sai ga yaranta sun zo na ɗaya a gasar Jamus a 2013 da 2014 da 2016 da 2019, gaban ƙasashen da suka fi su injuna. Har ila yau, da Jami'ar Texas ta sallami babbar kwamfutarta Ranger a 2013, ba a zubar da ita ba. An wargaza ta gida-gida aka aika Afirka ta Kudu da Botswana da Tanzaniya, inda ɗalibai suka sake ɗaura ta da hannunsu suka yi karatu a kanta.