Daga Aci-balbal zuwa Farantin Sola: Doguwar Tafiyar Ƙasar Kazaure da Man Fetur

A shekarar 2004 an ga wata irin amalanke a bakin tafkin Wawan Rafi da ke ƙasar Kazaure. Shanu ko mutum ne ke jan ta kamar kowace amalanke, sai dai ba taki ko damin hatsi ta ɗauko ba. Farantan sola ne a kanta, waɗanda ake warewa a shanya wa rana, sai wani ɗan famfo ya riƙa zuƙo ruwa yana kai wa shuka. An ƙera ta ne domin ƙananan manoma da har lokacin da ƙwarya suke kamfatar ruwa su yi ban-ruwa, saboda injin fetur ya fi ƙarfin aljihunsu. Idan an gama da gonar wannan, sai a naɗe farantan a ja ta zuwa gonar wancan.

Wawan Rafi na cikin ƙauyuka 3 na Jigawa da aka yi wa wannan aiki. Gwamnan lokacin, Ibrahim Saminu Turaki, wanda shi ma ɗan Kazaure ne, shi ya fara tuntuɓar wata ƙungiyar Amurka mai suna Solar Electric Light Fund tun 2001, aka haɗa kuɗin jiha da tallafin gwamnatin Amurka. An sa fitilun titi, an haskaka masallatai da azuzuwa, an kai firjin ajiye allurar rigakafi ɗakin shan magani, an yi rijiyoyin burtsatse masu aiki da rana, an gina rumfunan sana'a inda tela da mai aski za su jona kayan aikinsu. Har injin matsar man gyaɗa aka samar wa mata. A lokacin farantin sola kaya ne mai ɗan karen tsada, litar fetur kuwa ba ta kai naira 70 ba. Shi ya sa da yawa suka ɗauki abin a matsayin ado na gwamnati. Sai bayan kusan shekara 20 aka gane cewa aikin ya riga lokacinsa zuwa ne.

Kafin a kai ga nan, yana da kyau a tuna cewa wannan yanki bai daɗe da sanin man fetur ba. Kakanninmu a Roni da Gwiwa da Babura da man gyaɗa suke kunna aci-balbal, da kara da itace suke girki, da jigo suke ban-ruwa, jaki da raƙumi ne ke kai kaya kasuwa. Gyaɗa da auduga su ne arzikin da ake taƙama da shi. An gano ɗanyen mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958, amma sai a shekarun 1970 ya shiga rayuwar talakan Arewa sosai. A daidai wannan lokaci ne kuma farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya noman da ya riƙe yankin. Dalar gyaɗa ta ɓace a Kano, kuɗin mai ya maye gurbinta a baitulmalin gwamnati. A gidaje kuwa fitilar ƙwai ta kori aci-balbal, risho ya shiga kayan ɗakin amarya, kananzir ya zama abin da ake aiken yaro ya sayo a kwalba kullum da magariba.

Inda man ya fi kafa saiwa shi ne fadama. A shekarun 1980, lokacin da duk yankin ke ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kano, hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa masu shan fetur tare da 'yan rijiyoyin bututu da ake haƙawa a gona. Bayan ƙirƙirar Jigawa a 1991, shirin Fadama na Bankin Duniya ya ɗora a kai. Ba za a yi wa wannan inji butulci ba. Mutumin da da jigo ba ya iya shayar da abin da ya wuce 'yan fangaloli, sai ga shi yana noma tumatir da albasa da tattasai da alkama a fili mai faɗi, yana samun abin da zai hana shi tafiya cin rani. Amma tun daga ranar, ribar noman rani ta rataya a kan farashin lita. Ruwa na Allah ne, rana ta Allah ce, amma sai an biya gidan mai kafin ruwan ya hau gona.

Haka abin yake a cikin gari. Wutar NEPA ta zo daga nesa, daga Kainji da Shiroro da tashoshin gas na kudu, ta ratsa ɗaruruwan kilomitoci kafin ta iso, kuma ba ta taɓa isa ba. An sauya wa hukumar suna, an sayar da sashen rarrabawa a 2013, KEDCO ta karɓi Kano da Jigawa da Katsina, amma mai injin niƙa da mai walda da mai ƙanƙara ba su daina dogara da janareta ba. Kazaure, garin da ke alfahari da kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da kwamfuta, da ƙarar inji ɗalibansa suka yi karatu.

Babura tana da nata labarin daban, domin bakin iyaka ce. A lokacin da fetur ya fi araha a Najeriya saboda tallafi, jarkoki sun riƙa tsallakawa zuwa Nijar, sana'ar bumburutu ta ciyar da gidaje da dama a ɓangarorin biyu. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An yi dokar ne don masu fasa-ƙwauri, amma manomi da ɗan acaɓa na garuruwan iyaka su ma sun ɗanɗana kuɗarsu, domin sai sun yi tafiya mai nisa ko su saya da tsada a hannun 'yan bumburutu.

A ɓangaren gwamnati, manyan alƙawura ba su yi ƙaranci ba. A Yulin 2016 an sa hannu da kamfanoni 14 kan gina tashoshin sola da za su ba da megawat 1,125 a faɗin ƙasa, ciki har da na Jigawa da na Kankiya a Katsina. Daga baya gardama ta ɓarke kan farashin da za a sayi wutar da kuma lamunin da gwamnati za ta tsaya wa masu zuba jari, aikin ya tsaya cik. Wanda ya fi shafar mu shi ne na Gwiwa, inda aka tsara kafa katafariyar tashar sola mai megawat 1,000. A 2018 Bankin Raya Afirka ya ware dala miliyan 1.5 don share fagen kashin farko. Megawat 1,000 ba wasa ba ne a ƙasar da duk wutar da take rarrabawa ke kai-komo tsakanin 4,000 da 5,000. Shekaru sun shuɗe, mutanen Gwiwa ba su ga wutar ba. Maƙwabtanmu na Katsina ma sun sha irin wannan jira da injinan iska 37 na Lambar Rimi, aikin megawat 10 da ya ci fiye da shekara goma, har aka sace injiniyan Faransa da ke aikin a ƙarshen 2012. Waɗanda suka tabbata su ne matsakaita: na Jami'ar Bayero a 2019, da megawat 10 na Kumbotso da aka buɗe a Janairun 2023.

Ni a ganina kuskuren manyan ayyukan nan ɗaya ne: an gina su a kan layin wuta na ƙasa da kamfanonin da ba sa iya tattara kuɗin wutar da suka sayar. Mai zuba jari ba ya shakkar ranar Gwiwa, wanda zai biya shi yake shakka.

A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya tsaya a taron sauyin yanayi na Glasgow ya yi alƙawarin cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa. Magana ce mai kyau, ko da yake duk hayaƙin Najeriya bai kai kashi 1 cikin 100 na duniya ba, alhali mu ne ke kan gaba wajen shan wahalar kwararowar hamada da rikicewar damina. Sai dai ba jawabin Glasgow ne ya sauya lissafin manomin Roni ba. Jawabin 29 ga Mayun 2023 ne, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Oktoban 2024 aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wanda ake dogara da shi ta Benuwai shi ma ya faɗi, Arewa ta kwashe fiye da mako cikin duhu. A cikin watan ne kuma tankar mai ta kife a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru ɗibar man da ke malala, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wanda ya san yadda talauci da tsadar lita suka haɗu a wannan dare ba zai yi saurin ɗora musu laifi ba.

A tsakanin nan farashin farantin sola a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a shekaru goma, saboda yawan wanda Sin ke ƙerawa. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Yau in ka bi hanyar Kano zuwa Daura ka tsaya a Kazaure, ka duba rumfar mai cajin waya. Faranti biyu ne ko uku a kan kwano, an ɗaure su da waya don kada iska ta ɗauke, batir na ƙarƙashin tebur, wayoyi jere a kan katako kowace da 'yar takardar lamba. Janaretan da ya yi shekaru yana yi masa ƙara yana gefe an lulluɓe shi da buhu, sai ranar hadari ake tuna shi. A fadama ma haka: manomi zai jingina farantai a kan sanduna yana juya su yadda rana ke tafiya, da yamma ya kwashe su zuwa gida don gudun ɓarayi. Ba wanda ya tara su ya yi musu lacca kan ɗumamar yanayi, amma kowace litar da ba a ƙona ba ta rage wa sama fiye da kilo 2 na gurɓatacciyar iska.

Abin bai zo ba tare da matsala ba. Kuɗin farko yana da nauyi, kuma faɗuwar darajar naira ta cinye wani ɓangare na sauƙin da aka samu a waje, don haka mai hali ne ke fara tsira daga gidan mai, talaka ya ci gaba da sayen lita. Kasuwa ta cika da jabun farantai da batiran da ba sa shekara. Ƙurar hunturu na rage ƙarfin faranti in ba a goge shi. Mataccen batir kuwa dalma ce da ruwan guba, kuma a bayan gida ko wurin 'yan gwangwan yake ƙarewa. Sannan duk wanda ya zaga ƙauyuka ya ga fitilun titi na sola da 'yan siyasa suka kafa, an ɗauki hoto, bayan shekara biyu sun mutu ba mai dubawa. Masu aikin 2004 sun hango wannan, shi ya sa suka horar da 'yan gida masu gyara kuma suka sa a riƙa biyan ɗan kuɗin kulawa. A nan ne ya kamata kwalejin Kazaure ta fi ba da ƙarfi: ta riƙa yaye matasan da za su iya auna buƙatar gida, su gane faranti na gaske, su gyara inbata a Gwiwa ba sai an kai Sabon Gari ba. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, saboda haka Dutse ba ta da uzurin jiran Abuja kan ƙananan tashoshin da za su ciyar da kasuwa ɗaya ko gari ɗaya.

Wurin da tafiyar ta koma baya shi ne madafi, kuma shi aka fi yin shiru a kansa, wataƙila don mata ne ke ciki. A Janairun 2016 aka cire tallafin kananzir. Litar da hukuma ke cewa naira 50 ce ta yi ta hawa har ta haura 1,000, risho ya koma ƙarƙashin gado. An ce a koma tukunyar gas, wasu gidajen cikin gari suka koma, sai shi ma gas ɗin ya ninka ya sake ninkawa. Ina za a dosa? Sai itace da gawayi. A takarda an rage amfani da mai, a ƙasa kuwa marke da ƙirya da gawo ne ke biyan kuɗin, a yankin da aka shafe shekaru ana dasa jerin darbejiya da turare don tare hamada. Uwar gida na durƙushe gaban murhu mai duwatsu uku, tana hura ɗanyen itace, goyo a bayanta yana shaƙar hayaƙin tare da ita. Farantin da ke kan rufin ɗakinta yana kunna ƙwan fitila da fanka, amma ba ya dafa tuwo.

A 2024 gwamnatin Jigawa ta haramta sare itatuwa don itace da gawayi ba tare da izini ba. Dokar ta yi daidai, amma hani kaɗai ba ya ɗora tukunya. Ingantaccen murhu na yumɓu ko ƙarfe, wanda maƙeran Kazaure da magina tukwane za su iya yi da hannunsu, yana rage cin itace sosai. Ana iya curin gawayi daga ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa da ake zubarwa. Ana iya sayar da gas kaɗan-kaɗan yadda ake sayar da kananzir a da, tare da ba da tukunyar bashi ta hannun ƙungiyoyin mata masu adashi. Duk waɗannan ba su kai kuɗin share filin tashar megawat 1,000 ba, kuma kansila da shugaban ƙaramar hukuma a Roni ko Babura na iya fara su da kasafin bana.